Ƙafar Bango

Ranar da aka kawo harsashin gidan a bayan mota, Tsoho ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Shi magini ne tun kafin a haifi ɗansa Kafinta, kuma a iya saninsa harsashi rami ake haƙa masa, a kwaɓa, a zuba, a jira. Yau ga shi an kawo shi yanka-yanka, an zubo shi a masana'anta ya bushe tun daga can, motar ɗaga kaya tana sauke shi a kan tsakuwar da aka daddaɓe, ma'aikata suna ɗaure wannan da wancan da noti. Kafin rana ta yi sanyi an gama. Tsoho ya zagaya yana ƙwanƙwasawa da sandarsa, ya ce ba laifi, kankare ne na gaske, ko da yake shi bai saba yarda da aikin da bai ga hannun mai shi ba.

Bangon ne ya ƙi shiga masa kai sam. Kafinta ya shekara da shekaru a kamfanin da ke harhaɗa gidaje da abin da suke kira fanel: allo biyu na matsattsen katako, a tsakiyarsu farin soso mai tauri irin wanda ake samu a kwalin sabon firiji, an manne su da gam. Babu bulo, babu ginshiƙi. Allunan nan biyu, na ciki da na waje, su ke ɗauke da rufi da duk abin da ke sama. Tsoho ya sa masa suna gidan kwali, yana kuma gargaɗin surukarsa, wadda kowa ke kira Tela saboda sana'arta, cewa in sun tare ta riƙa ɓoye almakashinta, kada yara su yanka wa kansu taga.

Kafinta yakan yi murmushi kawai, don shi ba shi da bakin wasa a kan gidan nan. Ɗaki da falo suke haya a hawa na can sama, shi da Tela da yara, ga Tsoho da ya dawo wurinsu bayan rasuwar matarsa, yana kwana a falo kusa da keken ɗinki. Gwiwoyin Tsoho sun gaji da matakala. In ya sauko da safe, sai ya zauna a gindin bene har yamma don kada ya sake hawa, yana kallon masu wucewa, ba mai tambayarsa komai. Fanel ɗin ma sa'a ce ta kawo su. Kamfani ya daina yin irinsu, ya sayar wa ma'aikata ragowar na ƙarshe, Kafinta ya tattara duk abin da ya mallaka ya ɗauki wanda zai tayar da ɗakuna uku a filinsa na bayan gari. Daga su babu wasu. Ya sani sarai, in wannan gida bai tsaya ba, ba zai sake gina wani ba a rayuwarsa.

Shi ya sa wurin da bango ke haɗuwa da kankare ya ba shi duk hankalinsa. Ya share saman harsashin tas, ya shimfiɗa baƙar roba a kai, ya ɗora katako mai magani wanda ruwa ba ya ci, ya huda shi daidai ƙarafan da suka leƙo daga kankaren, ya ɗaure noti har hannunsa ya yi tsami. A kan wannan ya kafa wani katakon siriri da zai shige cikin gindin fanel, inda aka rarake soson. Sai shi da abokin aikinsa Shiru, wanda aka laƙaba wa sunan saboda bakinsa ba ya rufuwa, suka riƙa ɗaga fanel ɗaya bayan ɗaya suna zaunar da shi, allon ciki da na waje kowanne da ƙafarsa a kan katako mai magani, su bi da gam da ƙusa. Dokar aikin guda ce, duk wanda ya taɓa yinsa ya haddace ta: matsattsen katako ba ya taɓa kankare. Kankare yana shan ruwa yana riƙewa, allon kuwa in ya samu danshi sai ya tsotse, ya kumbura, ya ruɓe. Don haka ƙafar allon tana sama da kankaren kamar yatsa biyu, ciki da waje, gidan duka zagaye, katako mai magani da bakin roba suna leƙe a tsakani.

Tsoho ya lura da wurin tun ranar farko. Ya nuna da sanda ya ce, "Malam Kafinta, ka bar wa gidan nan ƙafa tsirara."

Kafinta ya ce haka ake yinsa, Baba. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bayanin bai fi a yi shi a tsaye ba, amma yaya za a yi ɗa ya tsaya yana koya wa mutumin da ya gina rabin unguwarsu yadda ruwa ke tafiya a bango? Ya ga rashin kunya ne. Tsoho ya ce to, irin "to" ɗin da ke nufin magana ba ta ƙare ba.

An ɗora rufi, an lulluɓe bangon waje da ledar da ke hana ruwa, sai kamfani ya tura Kafinta aiki wani gari mai nisa, irin aikin da ba a cewa a'a. Yana cikin tunanin wanda zai bar wa gadin kaya, Tsoho ya ce shi me yake yi a duniya? Haka ya koma shiga mota kullum da safe zuwa bayan gari, da sandarsa da ɗan abincin da Tela ta ƙunsa masa.

A waya Tela ta riƙa ba mijinta labarin da ya faranta masa rai. Ta ce Baba ya sake. Yanzu shi yake riga kowa tashi, yana sauka bene ba tare da ya zagi matakalar ba, yana cinye abincinsa har ya nemi ƙari. Ta ce ya sa an ciro masa tsohon cokalin gininsa daga ƙarƙashin gado, ya zauna ya kankare tsatsar, kuma wani tsohon yaron aikinsa da ya zama ɗan kwangila ya aika masa da siminti da yashi. Kafinta ya ɗauka ɗan dakalin bakin ƙofa yake yi, don sun taɓa maganarsa. Ya ce a bar shi ya motsa jikinsa, har ya yi dariya shi kaɗai a masauki.

Da ya dawo, ko gida bai tsaya ba, ya hau babur ya nufi filin da hantsi. Abin da ya fara gani daga nesa shi ne gidan ya ƙara kyau. Da ya matso ya ga dalili.

An yi wa ƙafar bangon shafe da siminti, daga kankare zuwa kamar taƙi guda a jikin allon, an karkata shi a hankali, an goge shi sumul. Ya zagaye gidan duka, layinsa a miƙe kamar an ja da igiya, kusurwoyinsa tsaf. Tsoho yana can gefe, wando a naɗe, da bokiti a hannu, yana watsa wa aikin ruwa da gwangwani. A kan benci kuma ga tsofaffin abokansa biyu da ya gayyato, suna jinjina kai.

Tsoho bai bari ya gama gaisuwa ba, ya kama hannunsa ya shiga zagayawa da shi. Ya nuna masa inda ya yanke ledar nan daga ƙasa, don siminti ba ya kama leda. Ya nuna masa yadda ya kakkafa ƙananan ƙusoshi a jikin allon don kwaɓi ya samu abin riƙewa. Ya shigar da shi ciki, nan ma an yi, ɗaki bayan ɗaki. Ya ce kuma bai taɓa fashin ban ruwa ba, safe da yamma, don yaran yanzu shi ne abin da ba su sani ba: su yi shafe su tafi, siminti ya bushe da ƙishirwa ya tsattsage. Shi nasa ya ƙoshi.

Kafinta ya tsuguna kamar mai duba kyan aikin, ya dafa allon sama da simintin. Sanyi ƙalau, da danshi, 'yan ɓarɓashin katakon sun fara ɗagowa a ƙarƙashin yatsunsa. Ya san aikinsa, ya kuma san cewa har yanzu da sauran dama. In aka fasa simintin nan yau, aka bar iska ta shiga, allon zai bushe da ɗan tabo, gida ya tsaya. Cizal ɗin fasa siminti da guduma suna cikin jakarsa a bayan babur.

Ya ɗago ya ga fuskar mahaifinsa. Rabonsa da ganin wannan fuska tun yana ƙarami, lokacin da Tsoho kan tsaya gaban sabon gini ya goya hannu a baya, masu gida suna yi masa godiya. Abokan nan biyu sun taso sun tsaya a bayansa suna jira.

"Yaya ka gani?" in ji Tsoho.

"Ya yi kyau, Baba."

Kuma ba ƙarya ya yi ba, abin takaicin ke nan. Duk garin ba mai hannun da zai fitar da layin nan. Kafinta ya ce wa ransa gobe, in babu baƙi. Abin da ya iya yi a ranar shi ne ya roƙi Tsoho ya daina ban ruwa, wai simintin ya riga ya yi ƙarfi. Tsoho ya yarda da ƙyar, yana mita cewa kafinta ne zai koya masa ƙarfin siminti.

Da Shiru ya zo ya gani, ya tsuguna ya dafa allon. Daga nan bakin ya buɗe. Ya ja Kafinta bayan gida ya ce a fasa yau, yanzu, shi zai riƙe cizal ɗin in abokinsa ba zai iya ba. Ya ce gara tsoho ya yi fushi na mako da gida ya zauna a kan ruɓaɓɓen katako. Kafinta ya ce ya sani. Shiru ya ce sanin banza ke nan. Suka rabu a kan gobe.

Goben ta yi ta zuwa tana wucewa. Duk ranar da Kafinta ya iso da niyya, sai ya tarar da Tsoho ya riga shi, yana zaune a inuwar bangon, yana shafa simintin da tafin hannu yana neman tsaga. Mai wucewa in ya tsaya gaisuwa, sai an zagaya da shi. Har wani maƙwabci da ke shirin gini ya zo neman shawara, Tsoho ya dawo gida ranar yana ba da labarin sau ba adadi, yaran suna ta dariya. Kafinta yakan buɗe baki ya ce "Baba", in Tsoho ya juyo sai ya tambaye shi gwiwa.

Wata rana zazzaɓi ya kwantar da Tsoho, Kafinta ya ga dama ta samu. Ya tafi shi kaɗai, ya fara daga bayan gida inda tankin ruwa ya kare. Simintin ya yi ƙarfin da ya kusa karya masa cizal, don Tsoho ba ya aikin wasa. Da ƙyar ya ɓalle kamar tsawon hannu, ƙusoshin suka taho da naman allon. Ya tsaya yana haki, ya dubi ɓaraguzan, ya dubi sauran layin da ya miƙe har kusurwa, ya ga Tsoho a ransa ya sauko daga mota da sandarsa ya tarar da aikinsa tsibi a ƙasa. Ya kasa ci gaba. Ya mayar da kaya jaka ya tafi.

Da Tsoho ya warke ya ga wurin, ya yi ta faɗa, ya ce aikin 'yan hassada ne ko ɓarayin da suka so shiga. Ya kwaɓa sabo ya cike, ya fi na da kyau, ya kuma koma ban ruwa, tunda sabon aiki dole ya sha. Daga ranar bai sake fashin zuwa ba, ko da zazzaɓi ko babu, wai sai ya kama mai wannan ɗanyen aiki.

Tela ta fara ɗinkin labulen sabon gida, tana tambayar faɗin tagogi, sai Kafinta ya ga ba zai iya ci gaba da ɓoye mata ba. Ya faɗa mata wata safiya bayan Tsoho ya fita, yara sun tafi makaranta. Ta dakatar da keken ta saurara har ƙarshe, ta ce to ya faɗa wa Baba mana. Ya ce ta manta yadda yake a da? So take a mayar da shi gindin bene, ya zauna kamar buhun da aka jingine?

"In gidan ya lalace fa, Baban yara?" ta ce. "Ai dukanmu can za mu koma, har shi."

Ya ɗauki jakar aikinsa ya fita. Ita kuma suruka ce, ba a bakinta za a ji irin wannan magana ba, ko da za a yanka ta. Ta ninke yadin labulen ta saka a ƙasan akwati, ta koma ɗinkin mutane. Ba ta sake tayar da zancen ba, amma ta daina tambayarsa yadda aiki ke tafiya, kuma wannan ya fi masa ciwo.

Akwai kunyar da take gyara mutum, akwai kuma wadda ba ta da amfanin komai sai ta ɗaure masa hannu ya tsaya yana kallon abinsa yana lalacewa. Ta Kafinta ta biyun ce, kuma ya sani. Yana kiranta biyayya ne don ya samu ya yi barci.

Ruwan sama ya sauka. Allon da ya kumbura ya ture simintin kaɗan, wata siririyar tsaga ta buɗe a saman shafen, gidan duka zagaye, duk ruwan da ya gangaro daga bango sai ya shige nan. Kafinta ya bi tsagar da gam a ɓoye, ya kafa allunan ado na waje da sauri, ya sa tagogi da ƙofofi, yana yi kamar mai gina gidan da za a shiga. Amma ruwan da ya shiga ba shi da hanyar fita. Simintin ya riƙe shi ciki da waje kamar kwano, ƙafar allon tana jiƙe a ciki, rana ba ta ganinta, iska ba ta taɓa ta. In ana ruwa yana wurin aiki, sai ya tsaya da guduma a hannu yana sauraron kwanon rufi, abokan aiki suna tsokanarsa wai ya fara tsufa.

Da ruwa ya ɗauke, ɗakunan suka fara wani wari kamar na tsumman da aka manta a bokiti. Ƙofar ɗakin da aka ware wa Tsoho ta daina rufuwa sai an ɗaga ta. Kafinta ya kira Shiru, suka faki idon Tsoho ya tafi sallah, suka ɓalle ɗan siminti a cikin ɗakin. Shiru ya sa sukundireba a ƙafar allon, bai ko danna ba ta shige har mariƙinta. Suka gwada wani bangon, haka. Suka gwada na waje, ya fi muni, gam ya saki soso, allon yana ɓarewa da hannu.

Wannan karon Shiru bai yi surutu ba. Ya ce gyara ɗaya ne, a ɗage gidan duka a kan jak irin na ɗaga mota, a yanke ƙafar kowane fanel, a sake masa wata, kuma ko kamfani ba ya karɓar irin wannan aiki, balle mutum biyu da babur. Sabon fanel kuwa ya san babu. Ya ce kada ya kuskura ya kwantar da yara a ƙarƙashin rufin nan. Ya dafa kafaɗarsa ya ce Allah ya mayar da alheri, irin addu'ar da ake yi wa wanda aka yi wa gobara. Kafinta ya liƙa simintin da suka ɓalle a mazauninsa kafin Tsoho ya dawo. Da yamma ya je wurin mai gidan haya, wanda ya riga ya yi wa sallama, ya durƙusa ya roƙi a bar su su ci gaba da zama.

Har a lokacin bai faɗa wa Tsoho ba. Yakan ce sauran aikin famfo, sauran wuta, sauran fenti. Amma ba a ɓoye wa magini bango. Wata safiya Kafinta ya iso ya tarar da shi tsaye nesa da gidan, ya rufe ido ɗaya, yana duban layin rufi. Ko gaisuwa bai amsa ba, ya ce kusurwar gabas ta zauna.

Ya fara da zargin harsashi, abin da ya daɗe yana jira. Ya ciro ma'auninsa na ruwa ya ɗora a kan kankaren, nan da can, gaba da baya. Kankaren yana nan daidai, ko gashi bai motsa ba. Ya koma kusurwar, ya ƙwanƙwasa shafensa da sanda, ya ji ƙarar da ba ya so, ƙarar abin da bayansa ya zama rami. Ya miƙa hannu ya ce a ba shi guduma.

"Baba, bar shi, rana ta yi."

"Ba ni guduma."

Ya ba shi. Tsoho ya durƙusa a kan gwiwoyin nan nasa, ya buga, simintin ya ɓalle ya faɗo da baƙin abu manne a bayansa. Ya sa yatsa a allon, ya dagargaje. Ya matsa da yatsan sama kaɗan, sama da inda shafensa ya tsaya, ya ji katakon da sauran ƙarfinsa. Ya sake fasa wani wurin, ya sake gwadawa. Ruɓar tana bin layin aikinsa kamar shi ya zana mata. Ya tashi da ƙyar ya zagaya bayan banɗaki, inda ya bar ɗan wuri bai shafe ba don mai aikin famfo bai sa bututu ba tukuna. Nan ƙafar allon tana zaune a kan katako mai magani, a bushe, fes, kamar ranar da aka kafa ta. Ya daɗe a tsugune yana kallonta.

Kafinta yana tsaye a bayansa, ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Ya shirya wa faɗa, ya shirya wa zagin gidan kwali da kamfanin da ya ƙirƙiro shi. Da Tsoho ya yi magana kuwa, a hankali ya yi, bai ko juyo ba.

"Don wannan ka bar shi tsirara."

"E, Baba."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar da na dawo."

"A ranar da sauran gyara?"

Kafinta ya so ya ce babu. Bakinsa ya ƙi. Ya ce, "Da saura."

Tsoho ya gyaɗa kai. Ya tambaya ko shi ne ya fasa na bayan tanki, Kafinta ya ce shi ne. Sai a lokacin Tsoho ya juyo ya dube shi, kuma babu fushi a idonsa, abin da ya fi fushin muni.

"Ni magini ne," ya ce. "Na rushe aikin hannuna ba sau ɗaya ba, a gaban masu gida, a gaban yarana, don ya karkace. Ba a mutuwa. Da ka faɗa mini a ranar, da da hannuna zan fasa shi kafin azahar, a gaban abokan nawa ma. Amma ka dube ni ka ga tsohon da ake lallashi. Ka bar ni ina zuba wa gidan jikokina ruwa, kana cewa sannu da aiki."

Kafinta ya durƙusa, hawaye suka zubo masa, ya ce a yafe masa. Ya ce ya ga yadda aikin ya dawo masa da rai, ya kasa. Tsoho bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya ɗauki cizal ɗin da ke ƙasa, ya koma kusurwar gabas, ya sake durƙusawa, ya kafa shi a saman shafen ya fara bugawa.

"Baba, yanzu ba zai yi amfani ba."

"Na sani."

Kafinta ya miƙa hannu zai karɓi gudumar, Tsoho ya janye ta ya ce kada ya taɓa, wanda ya yi shi zai cire. Wani bugun ya samu cizal wani ya kuskure, rana ta hau, rigarsa ta jiƙe. Duk inda simintin ya faɗo, baƙin allon sai ya biyo shi ya zube a kan kankare. Kafinta ya tsaya a gefe da hannu biyu ba abin yi. Tsoho ya gama bangon gabas, ya ja gwiwoyinsa zuwa na gaba ya ci gaba da fasawa.